Matambayi Ba Ya Ɓata: Ina Hatsin da Ke Rumbunan Gwamnati?

Wasiƙun da suka iso teburina wannan watan kusan duk kan ajiyar abinci suke, wataƙila don kaka ta kawo kai. Na zaɓi huɗu. Ga sababbin masu karatu, ni tsohon sitokifa ne. Da siton hatsi na fara a Kano, daga baya na riƙe siton kayan agaji a Arewa maso Gabas.

TAMBAYA: Malam, duk sanda na bi ta Gusau ina ganin manyan rumbunan ƙarfe na gwamnatin tarayya suna ƙyalli a rana, kuma an ce akwai irinsu a jihohi da yawa. To me ya sa da tsadar abinci ta kai intaha a farkon 2024 ba a buɗe su an wadata mutane ba? Ko ɓoyewa ake yi?
Daga wani direban tirela, Gusau.

AMSA: Ɗan'uwa, kai da ke jan tirela ka fi kowa sanin cewa motar da ke iya ɗaukar tan 30 daban take da motar da ke ɗauke da tan 30. Haka rumbunan nan suke.

A takarda, gwamnatin tarayya na da wuraren rumbunan ƙarfe 33, waɗanda in aka cika su duka za su ci wajen tan miliyan 1.3. Na Gusau na cikin manya, tan dubu 100, daidai da na Kwali a Abuja da na Bulasa kusa da Birnin Kebbi. Irin na Jahun da Gaya da Minna kuwa tan dubu 25 ne kowanne. Idan jami'i ya tsaya gaban 'yan jarida ya faɗi wannan adadi, faɗin cikin rumbu yake ba ka, bai gaya maka abin da aka zuba ba.

A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, Shugaba Buhari ya ba da umarnin fitar da tan dubu 70. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ce a fitar da tan dubu 42. Mu yi lissafi irin naka. Tan dubu 42 lodin tirela 1,400 ke nan, buhu dubu 420 mai kilo ɗari. Da za a jera su a hanyar Funtuwa, sai an fito kallo. Amma raba su ga mutum sama da miliyan 200, kowa bai tashi da ko rubu'in kilo ba. Kai, ko rumbunan 33 suna cike maƙil, rabon kowa kilo shida ne da 'yan kai, alhali masarar da ƙasar nan ke girbewa a shekara guda ta haura tan miliyan 10. Tun asali ba a gina su don ciyar da kowa ba. An gina su ne don wanda ambaliya ko fari ko rikici ya raba da abincinsa, da kuma sanyaya farashi in bazara ta yi tsanani.

Me ya hana su cika? Hatsi da kaka ake sayensa, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da yake araha. Kuɗin gwamnati kuwa sai sun gama zagayen ofisoshi, kafin su fito 'yan kasuwa sun kwashe, farashi ya tashi. Sannan rumbun ƙarfe ba a jefa masa buhu a juya baya. Tsurar ƙwaya ake zubawa, an sheƙe ta, an busar har danshinta bai wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Ƙarfe na ɗaukar zafi da rana, ya huce da dare, raɓa ta taru a jikin bango ta ciki. In babu fankokin hura iska da ma'aunin zafi, hatsin sai ya dunƙule ya yi fumfuna. Fanka na son wuta, labarin wuta kuwa ba sai na ba ka ba. Kuma duk bayan 'yan shekaru dole a fitar da tsoho a zuba sabo. Gina rumbu kwangila ce ta sau ɗaya, ana yanka ƙyalle a tafa. Ciyar da shi kuɗi ne na kowace shekara, ba mai zuwa ɗaukar hotonsa.

A 2018 gwamnati ta amince da ba 'yan kasuwa hayar wajen 20 daga cikinsu na shekara goma. Ni ban ga laifin haka ba, rumbun da ake aiki da shi ya fi wanda tsatsa ke ci. Sai dai ka sani, rumbu na iya zama cike amma hatsin ba na gwamnati ba ne.

Abin da nake so a yi ba ya cin ko sisi. Kowane sitokifa na maƙala kati a jikin tarin buhuna: ranar shiga, adadin da ya fita, saura nawa. A riƙa karanta wa jama'a wannan kati a rediyo duk wata, rumbu kaza, masara tan kaza, dawa tan kaza. Da ana haka, da ba ka rubuto mini ba.

TAMBAYA: Baba, a idona aka fasa siton tallafin korona a Bukuru a Oktoban 2020. Har yau muna musu da abokaina. Wasu sun ce ɓoye kayan aka yi, wasu sun ce ajiya ce. Wa ke da gaskiya?
Daga wani ɗalibi, Jos.

AMSA: Ɗana, yawancin kayan nan CACOVID ce ta saya, wato haɗakar manyan 'yan kasuwa da bankuna, ta miƙa wa jihohi su raba. Da zanga-zangar EndSARS ta rikice, aka fasa sito a Legas da Ilori da Kalaba da Jos da Kaduna da Yola da Abuja. Gwamnoni suka ce wasu kayan na jiran rabo ne, wasu kuma an ajiye su ne ko cutar za ta dawo.

Hujja ta biyun ba ta shige ni ba. Ajiye kayan agaji tun kafin bala'i abu ne da aka sani. Majalisar Ɗinkin Duniya na da manyan sito na haka a Akara da Dubai, ECOWAS ma ta kafa nata rumbun tsimi a 2013. Amma irin wannan ajiya tun ranar farko takarda ta ce ajiya ce. Taliya da sukari da shinkafar da aka saya don mutanen da aka kulle a gida, amfaninsu a lokacin kullen yake, kuma suna da ranar lalacewa a jikin kwali. A aikinmu, siton agaji da saurin fitar kaya ake auna shi.

Ba kullum sata ke tsayar da kaya ba. Sau da yawa an sayi abinci amma ba a ware kuɗin mota da na 'yan dako ba, ko ana ta jayayya kan jerin sunaye, kowane kansila na son nasa su shiga. Na taɓa gadin garin masara har ƙwari suka fara yawo a bakin buhu, don kawai babban da zai ƙaddamar da rabon bai samu sukunin zuwa ba.

Fasawar ma ba ta kai abincin inda ya dace ba. Mai ƙarfin kafaɗa ya ɗauki buhu uku, tsohuwa da gurgu suka koma hannu rabbana, wasu suka rasu a turmutsitsi. A Kaduna har sai da gwamnati ta yi shelar cewa wasu kayan da aka kwashe magunguna ne masu haɗari da hukumar NAFDAC ta kama.

TAMBAYA: Malam, mu ƙungiyar mata ce a wani ƙauye kusa da Tasawa. Mun haɗa kuɗi mun sayi wake buhu 40, muna son ajiyewa zuwa bazara. An ba mu shawarar yayyafa fiya-fiya. Mu yi?
Daga shugabar ƙungiya, jihar Maraɗi.

AMSA: Hajiya, don girman Allah kada ku yi. Gubar da ke cikin fiya-fiya da Sniper ba ta abinci ba ce, kuma ita ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Waken da Bature ya ƙi, 'ya'yanmu ne ke cinsa a ɗanwake da ƙosai.

Maganinku na kusa da ku. Ku nemi buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da dabarar tare da abokan aikinsu na Kamaru, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke nan Maraɗi ta yi aiki sosai wajen gwada shi da yaɗa shi daga 2007. Ba magani a ciki. Ƙwaron ne ke shaƙe 'yar iskar da ta rage, ta ƙare masa, ya mutu.

Sharaɗi na farko wake ya bushe ƙarau. Ku sami kwalba busasshiya, ku zuba wake da ɗan gishiri busasshe, ku rufe, ku girgiza, ku bar ta ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalba, a mayar da wake shanya. Kafin zubawa a duba kowace leda, huda ko ta allura ce ta ɓata aikin. A matse iska, a ɗaure leda ta ciki ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. A jera buhunan kan katako, a bar tazarar da mutum zai wuce tsakaninsu da bango, a toshe ramin ɓera, a duba rufi kafin ruwan farko. Jarka ko durom mai murfi da aka cika har baki ma na yin aikin. Ƙwayar maganin ƙwarin nan da 'yan kasuwa ke kira bom kuwa hayaƙinta na kisa, bai halatta a sa ta a ɗakin da mutum ke kwana ba.

Amma abin da na fi jiye muku ba ƙwaro ba ne. Bankunan cimaka, wato rumbunan hatsi na haɗin gwiwa, da yawa da aka kafa a ƙauyukan Nijar bashi ne ya rushe su: a ba ɗan'uwa tiya goma sai kaka, kaka ta zo kunya ta hana tambaya. Ku sa kwaɗo biyu a ƙofa, makullan a hannun mata biyu da ba gida ɗaya suke ba, ku buɗe littafi, a karanta shi a gaban kowa duk taro. In akwai asusun ba da rance kusa da ku, ku tambayi tsarin warantaji, inda ake jinginar da amfanin gona a sito a karɓi rance, a fanshe bayan farashi ya tashi.

TAMBAYA: A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ni ina sayen masara da kaka in sayar da damina. Ina cikin masu laifi ke nan?
Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

AMSA: Alhaji, girbi wata uku ne, ci kuwa wata goma sha biyu, dole wani ya riƙe hatsin a tsakani. Tunda na gwamnati bai taka kara ya karya ba, abincin ƙasar nan a rumbun manomi da siton irinku yake kwana. Malamai sun bambanta wanda ya saya lokacin yalwa da wanda ya kwashe kasuwa lokacin ƙunci ya kulle yana jiran mutane su galabaita. Na biyun ne aka yi wa kashedi, cikakken hukuncin kuwa ka tambayi malaminka.

Masu zaginku sukan manta ajiya kasada ce. Bayan gwamnati ta janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a Yulin 2024, farashi ya rikito a 2025, da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ban da kuɗin haya da na dako. Shawarata ka adana rasit na kowane lodi da ranar shigarsa, ka riƙa fitarwa kashi-kashi daga watan Afrilu, kada ka jira Agusta da kayan gaba ɗaya.