Tambaya da Amsa: Wai da gaske Yukren ce ta fara rubuta kundin tsarin mulki?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina karanta kimiyyar siyasa. Kwanaki muka yi musu da wata ƙawata, ita ta dage wai kundin tsarin mulki na farko a duniya 'yan Yukren ne suka rubuta tun kafin Amurka, ni kuma na ce haba, farfagandar yaƙi ce kawai. Don Allah a raba mana gardama. Na gode.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh, ke da ƙawar taki kowa ta kama wani ɓangare ta saki wani. Takardar tana nan, ba ƙirƙira ba ce. A watan Afrilun 1710 aka rubuta ta a garin Bender, wanda yau yake cikin Moldoba amma lokacin yana hannun Daular Usmaniyya ta Turkawa. Na Amurka kuwa sai 1787, kin ga tazarar shekara 77 kenan.

Su waye suka rubuta? Kosak, wato mayaƙan nan na bakin kogin Dnipro a Yukren da suka saba zaɓen shugabansu da kansu, suna ce masa hetman. Hetman ɗinsu Ivan Mazepa ya juya wa Sarki Peter na Rasha baya ya haɗa kai da Charles na 12, sarkin Suwidin, aka gwabza a Poltava a 1709 Rasha ta yi musu kaca-kaca, waɗanda suka tsira suka gudu Bender, Mazepa bai daɗe ba ya rasu a can. Sai aka zaɓi babban magatakardansa, Pylyp Orlyk, ya gaje shi. Ranar da aka zaɓe shi ɗin ne manyan hafsoshi suka ce tsaya, sai mun rubuta sharuɗɗa tukuna. Shi ya sa ni nake kallonta a matsayin yarjejeniya tsakanin sabon shugaba da mutanen da suka ɗanɗana mulkin mutum ɗaya suka ƙoshi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ɗaure hannun hetman ɗin. Sashe 16 ne bayan gabatarwa. Babbar majalisa za ta zauna sau uku a shekara, lokacin Kirsimeti, da Ista, da wani biki na coci a watan Oktoba, kuma manyan al'amura ba zai yanke shi kaɗai ba. In wani hafsa ya ɓata masa rai ko ya zage shi, ba shi da ikon hukunta shi da kansa, sai dai ya kai ƙara babbar kotu kamar kowa. Kuɗin baitulmali daban, aljihun hetman daban, akwai ma'aji da za a zaɓa ya riƙe asusun. Har zawarawan Kosak da marayunsu an ce kar a ɗora musu haraji. Kin tuna Montesquieu da ake koya muku a aji kan raba iko? Littafinsa sai 1748 ya fito.

Amma fa akwai inda ƙawar taki ta zarce. Na ɗaya, mutanen da ke gudun hijira ne suka rubuta, ƙasar ma ba ta hannunsu. Orlyk ya gwada komawa a 1711 tare da Tatar na Kirimiya, waɗanda Musulmi ne kuma takardar ta ce a yi zumunci da su, suka kai har garin Bila Tserkva a cikin Yukren, abin ya watse. Shi dai bai taɓa mulkin Yukren ba, ya yi ta yawo daga Suwidin zuwa Salonika har ya mutu a 1742. Na biyu, ba 'yancin kowa da kowa ba ne yadda muke fahimta yau. Sashen farko ma ya ce addinin Kiristancin Otodoks kaɗai, ya kuma ambaci Yahudawa ƙarara cewa ba su da wurin zama. Wannan ɓangaren masu yabonta ba su cika son karantowa ba. Ita kuma kalmar "na farko a duniya" ya danganta da me kike kira kundin tsarin mulki, Ingila na da dokar haƙƙoƙinta tun 1689.

To me ya sa 'yan Yukren suke ji da ita haka? Saboda daga baya Sarauniya Catherine ta Rasha ta soke muƙamin hetman a 1764, ta rushe sansanin Kosak na Sich a 1775, aka daɗe ana ce musu ku ai Rasha ce. Sai ga takarda, da Latin da tsohon yarensu, tana nuna kakanninsu sun taɓa zama suka tsara ƙasarsu da dokarta. Kwafin Latin ɗin yana ajiye a Suwidin, a 2021 aka ara musu aka baje shi a Kiyef lokacin cikarsu shekara 30 da 'yanci. Na tsohon yaren nasu kuma yana wani ɗakin adana takardu a Mosko.