Tambaya da Amsa: Waƙar "Kadhal Rojave" ta Indiya ce kuwa?

Tambaya: Salam Anti. Ranar kasuwa mai tura waƙoƙi ya sa min wata waƙa a memori, Kadhal Rojave, wlh ko daka nake sai na kunna ta. Amma yayana ya ce ba ta Indiya ba ce, wai yaren bai yi kama da na finafinan da muka saba ba. Wa ke da gaskiya?
Daga wata ƙanwarku, karkarar Ringim, Jigawa.

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Ta Indiya ce mana, amma Yaya ma kunnensa bai yaudare shi ba. Finafinan da muka tashi da su na Hindi ne daga Mumbai, ita kuwa wannan da yaren Tamil aka rera ta, na jihar Tamil Nadu can kudu, su ma da masana'antar fim ɗinsu a Chennai.

Daga fim ɗin Roja take, na 1992, wanda Mani Ratnam ya ba da umarni, A.R. Rahman ya yi kiɗan, S.P. Balasubrahmanyam, wanda ya rasu a 2020, ya rera. A labarin 'yan bindiga ne suka sace mijin a Kashmir, yana tsare yana begen amaryarsa, shi ya sa za ki ji muryar a raunane, kiɗan ma a hankali yake tafiya ba hayaniya ba gaggawa, ni dai a ganina abin da ya sa ba ta tsufa kenan.

Akwai ta Hindi, Roja Jaaneman, kiɗa ɗaya ne. Ki sa a tura miki ita ki kunna wa Yaya.