Na ga suri a bayan gidan da zan saya, in fasa cinikin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Dillali ya kawo min tallan gida, ɗakuna biyu na ƙasa masu rufin azara da ɗaya na bulo mai kwano. An yi masa sabon yaɓe. Sai dai na ga tsohon suri a bayan katanga, mai gidan kuma ya ce ya fasa shi tun bara, babu sauran gara. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka fasa tukuna, kuma kada ka ba da ko kobo sai ka koma gidan nan da guduma da dogon sukundireba da tocila.

Fasa suri ba ya kashe gara. Abin da ake gani a sama hular gidan ce kawai, uwar garar tana can ƙasa cikin ɗakinta, kuma irin babbar nan ta zago tana iya yin ƙwai dubbai a rana guda. In ba a tono ta ba, aiki bai tsaya ba, hanya kawai suka sauya. Daga suri suna tafiya mita gommai ta ƙarƙashin ƙasa, don haka katanga ba ta tare su. Ka tambayi mai gidan, da ya fasa, ya ga uwar da idonsa?

Sabon yaɓen nan ya fi surin damuna. Ba na cewa ha'inci aka shirya maka, kowa yana gyara gida kafin ya sayar. Amma gara daga ciki take ci, ta bar fatar waje lafiya lau. Ka tuna sandar Annabi Sulaimana (AS) a Suratu Saba'i: gara na cin ta yana dogare da ita, aljanu ba su gane ya rasu ba sai da ya faɗi. Haka take yi wa azara. Na taɓa duba wani soro da ido kawai na ce lafiya yake, damina ɗaya ɓangaren rufin ya rufto a kan gado. Allah ya tsare babu kowa a ɗakin, amma har yau abin yana cina, kuma tun daga ranar ban ƙara yarda da idona shi kaɗai ba.

Ka fara da ɗakunan ƙasa. Hau tsani, ka ƙwanƙwasa kowace azara ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayya tana amsawa da ƙarfi, wadda aka cinye kuwa sautinta kamar na fankon ƙwarya. Ka fi mayar da hankali kan bakin azara, inda ta shige bango, nan ne laima take kuma nan gara ke shiga. Soka sukundireba a wurin. In ya nutse kamar a cikin rogo dafaffe, ko ƙasa ta zubo a maimakon itace, wannan azarar ta tafi. Giginya da ta ƙosa, musamman baƙin ɓangarenta na waje, tana daɗewa gara ba ta ci ba. Farin ɓangaren nan na ciki mai taushi da ake haɗawa don arha, shi ne abincinta.

Sannan ka haska gindin bango, bayan ƙofa da ƙarƙashin gado, kana neman siririyar hanyar ƙasa mai kaurin fensir da ta hau bango. Gara ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina wa kanta wannan rufi. Ka karya kamar tsawon ɗan yatsa, ka dawo bayan kwana 3. In ka tarar an ɗinke da ɗanyar ƙasa, garar tana nan. In kuma gari mai laushi ka ga yana zuba daga ƙananan huji, wannan ƙwaron katako ne, ba gara ba.

Ɗakin bulo ma kada ya ruɗe ka. Tana bin ramin bulo da tsagar daɓe har ta kai katakon rufi, don haka ka ɗaga silin ɗaya ka leƙa. Ka zaga ka ga inda indararo ke zuba, da kwatar banɗaki, da kara ko itacen girki da aka jingine da bango. Maƙwabta kuma ka tambaye su ko shinge, wato gara mai fiffike, na tashi daga cikin gidan bayan ruwan farko. Su ba su da la'ada a cinikin.

Azara 2 ko 3 ne suka lalace? Ka saya, amma magini ya yi lissafin gyara a rage maka a kuɗin, a kuma rubuta a takardar ciniki gaban mai unguwa da shaidu. In ta ci rabin rufi, to fili kake saye, ka taya shi a kuɗin fili. Shi ma mai gidan ka gaya masa cikin mutunci cewa ɓoye aibin da ya sani algus ne, kuma shari'a ta ba mai saye damar komawa kansa.

Idan cinikin ya faɗa, a tone surin har a ciro uwar. Sabon katako a shafe shi da maganin katako na Solignum kafin a ɗora, baƙin mai yana ɗan taimakawa amma ba ya daɗewa. Maganin da ake zubawa a gindin bango, irin mai fipronil ko imidacloprid, ka sayi mai lambar NAFDAC, wanda ya iya aikin ya zuba. Ka nuna masa inda rijiyarka take tun kafin ya fara, a kuma kawar da yara da kaji daga wurin har ƙasar ta bushe.