Wace farar giyar inabi ta Italiya ce ta dace da lokacin zafi?

Tambaya: Ina aiki a wani gidan cin abinci a birnin Genoa, kuma duk lokacin bazara baƙi kan nemi in zaɓar musu farar giyar inabi mai wartsakarwa. Ni ba na sha, don haka ina so in san abin da zan faɗa musu da dalilinsa.

Amsa: Malam, sunan da ya kamata ka fara riƙewa shi ne Vermentino. Nau'in inabi ne da ake nomawa a tsibirin Sardiniya da gaɓar tekun Tuskani da kuma yankin Liguriya inda kake zaune, wanda a can ake samun ɗan'uwansa da ake kira Pigato. Wanda ya fi suna shi ne Vermentino di Gallura daga arewa maso gabashin Sardiniya, wanda ya samu matsayin DOCG, wato mafi girman shaidar inganci a dokar Italiya, a shekarar 1996, kuma har yau shi kaɗai ne ke da wannan matsayi a tsibirin.

Abin da ke sa mai sha ya ji ta wartsake shi a rana mai zafi shi ne tsami. A Gallura kurangar inabin tana tsirowa a ƙasa mai duwatsu da yashi wadda ba ta riƙe ruwa, iska mai ƙarfi daga teku tana kaɗawa, kuma masu sarrafawa da yawa suna barin ruwan inabin ya tsimu a tankunan ƙarfe masu sanyi maimakon gangunan itace, domin kada ƙamshin lemon tsami da ganyaye ya ɓace. Masu ɗanɗana sukan ambaci ɗan gishiri-gishiri da ɗan ɗaci mara yawa a ƙarshen kurɓa, kuma a ganina wannan ɗacin ne ya sa ta dace da gasasshen kifi da jatan lande da taliya mai miyar pesto, wato miyar dakakken ganye mai ƙamshi ta garinku.

Idan babu ita, giyar Soave daga kusa da birnin Verona, wadda ake yi da inabin Garganega, ko giyar Gavi daga yankin Piemonte, za su wadatar.

Inda ma'aikata suka fi yin kuskure shi ne wajen sanyi. A kawo kwalbar tana tsakanin digiri 8 zuwa 10 a ma'aunin Celsius, domin idan ta yi sanyi fiye da kima ƙamshin ya ɓuya, sai baƙo ya ji tsami kawai. Ka sanya ta a bokitin ƙanƙara da ruwa, ka zuba kaɗan-kaɗan don kada ta ɗumama a kofi, ka kuma duba shekarar da ke jikin kwalbar, domin irin wannan giya ta fi armashi a shekara ɗaya ko biyu bayan girbi. Ƙarfin barasarta yakan kai kashi 13 cikin 100 ko fiye, kuma barasa tana rage ruwan jiki, saboda haka ka ajiye ruwan sha a teburin tun kafin a buɗe kwalbar.