Amsa: Motata tana yanke mai idan na taka totur

Ɗan'uwa, ka ce tun da ka sa babban salansa ka ƙara wa turbo (abin da ke cusa iska cikin injin) iska, da zarar ka taka totur a giya ta uku sai motar ta yi turjiya kamar an ja ta baya, sannan ta dawo daidai. Wannan alamar kwamfutar injin ce ke yanke mai da gangan, saboda na'urar auna matsin iska ta ga iskar ta wuce iyakar da kamfani ya sa.

Kafin ka kashe ko sisi a kasuwar Panteka ta Kaduna, a jona mata na'urar duba lambobin matsala da kwamfutar ta ajiye. Lambar P0234 na nufin iska ta yi yawa. P0087 kuwa matsin mai ne ya faɗi, sai a duba famfon mai da filta.

Tawa ta taɓa yi min haka a hanyar Zariya, bayan na wuce Kawo, da sanyin asuba lokacin hunturu. Ashe siririn tiyon da ke zuwa bawul ɗin rage iskar turbo ne ya tsage, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Ka cire naka ka lanƙwasa shi da yatsa a cikin haske, za ka gani.

Don Allah kada ka yarda wani ya sa maka abin da ke ruɗin na'urar auna matsin iska don kwamfutar ta daina yanke mai. Iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, fistin ne zai narke. Mayar da iskar yadda take tukuna, har ka sami mai saita kwamfutar da kyau.