Wane gindi za a aura ma mandarin a Maradi?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina da garka wajen Jiratawa, ina son in dasa mandarin, na gani a waya wai gindin trifoliata ya fi kowane. In nemo shi ne? Daga wani mai karatu, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To ka bi a hankali, trifoliata ɗin nan, wani icce dangin lemo da ake aura ma lemo, na ƙasashe masu damshi da sanyin hunturu ne, kamar Japan inda suke aura mishi mandarin satsuma, yana jure sanyi da ruɓar saiwa amma ba ya son gishiri ko ƙasa mai farar ƙasa, kuma fari yana wahal da shi, mu kuwa nan zafi ne da rairayi.

Ni dai gindin lemon volkameriana zan ce maka, ko na lemon rangpur da Barazil ta daɗe tana dogaro da shi saboda jure fari. Suna girma da sauri, su yi ɗiya da yawa, sai dai zaƙin yakan ɗan ragu. In ruwan rijiyarka na da gishiri ɗauki kilewofatra, wani irin mandarin da ake yin gindi da shi, ɗiyan akwai daɗi amma hwa sai ka yi haƙuri, ba ta saurin haihuwa. Bigaradiye kuma, wato lemo mai ɗaci, cutar tirisiteza ce matsalarshi, ita ta kashe miliyoyin itatuwa a Barazil da Ajantina wajen shekarun 1940.

Wajen dashe bar wurin auren ya ɗara ƙasa da kamar santimita 20, kuma kar ruwa ya kwanta a gindin, nan ne ciwon ƙaro ke shiga. Ka leƙa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Tarna kafin ka sayi dashe.