Na Tsinci Sirinji a Aljihun Maigidana

Wasiƙu uku na ɗauka wannan makon, kuma duk a kan abu ɗaya suke: shaye-shaye, tsoron ƙanjamau, da yadda za a buɗe baki a faɗa wa abokin zama. Na cire sunaye kamar yadda masu su suka roƙa.

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata shida da aure, yaranmu biyu, ƙaramin yana shan nono. Ran Asabar zan wanke rigar maigida sai na ga sirinji da 'yan kwalaben allura uku a aljihu. Na nuna wa wata ma'aikaciyar jinya hotonsu, ta ce penta ce. Tun ranar ban runtsa ba. An ce ana sayar da abin gwajin ƙanjamau a kemis. In saya in gwada kaina a ɗaki, ko in je asibiti? Kuma tunda an ce a baki ake gogawa, zan iya goga masa yana barci?" Mai shayarwa, daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Bari in fara da ta ƙarshen: kada ki gwada shi yana barci. Sai an goga abin sosai a dasashin sama da na ƙasa, zai farka ya gan ki a kansa. Ko da bai farka ba, me za ki yi da sakamakon da ba ki isa ki ce ga inda kika samo shi ba? Jikin da kike da iko da shi yau naki ne, don haka daga nan za mu fara.

Ita penta, wato pentazocine, allurar kashe ciwo ce mai ƙarfi da jiki ke sabawa da ita, ba ta ɗauke da ƙwayar HIV mai haddasa ƙanjamau. Haɗarin yana cikin sirinjin da aka yi karo-karo da shi. Idan mutum ya caka a jijiya, ɗan jini yakan koma ciki, kuma ƙwayar cutar tana iya yin makonni a raye a cikin wannan ragowar jinin. Idan kullum sabon sirinji yake saya kuma shi kaɗai yake yi, to ta wannan ƙofa cutar ba ta da hanya. Sai dai ba ki san yadda yake yi ba, shi ma wataƙila ba zai iya tuna kowace rana ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa ƙwaya a cikin shekara guda a Najeriya, kusan 80,000 daga ciki da allura suke yi. Kuma da yawa daga masu penta ba da iskanci suka fara ba. Akwai mai sikila da aka riƙa yi wa ita saboda ciwon ƙashi, akwai wanda ya yi haɗarin babur aka sallame shi daga asibiti amma jikinsa bai sallami allurar ba. Na faɗi wannan ne don kada ki yanke wa uban 'ya'yanki hukunci kafin ki ji daga bakinsa.

Abin gwajin da aka ba ki labari gaskiya ne, wanda aka fi sani shi ne OraQuick. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, yana neman sojojin da jiki ke ƙerawa ne idan ta shiga. Ana karanta shi bayan minti 20, ba a karantawa idan ya wuce minti 40. Layi ɗaya a gefen harafin C yana nufin ba a ga komai ba. Layi biyu yana nufin a je asibiti a tabbatar, ba hukuncin ƙarshe ba ne. Duk mai saye ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya tabbatar ledar a rufe take, kuma kada ya karɓi wanda aka shanya a gilashin da rana ke duka, don zafi yana ɓata shi.

Amma ke, da ni ce, ba zan kashe kuɗina a kansa ba. Zuwa da kai ya fi aike. Na farko, a asibitocin gwamnati masu sashen kula da wannan cuta gwajin kyauta ne, ga mai ba da shawara a zaune, ba ke kaɗai a ɗaki da layi biyu a hannu da tsakar dare ba. Na biyu, allurar karo-karo ta fi saurin yaɗa ciwon hanta nau'in B da C fiye da HIV, kuma abin kemis ɗin ba ya ganin waɗannan. Na uku, kina shayarwa. Ba kya buƙatar wani dogon dalilin fita: ranar awon yaro ko rigakafinsa ta ishe ki. Kada ki yaye shi saboda tsoro kafin ki san matsayinki. Ko da an samu, uwa mai shan magani kan ƙa'ida haɗarin ɗanta yana sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, alhali in ba magani yana tsakanin 15 zuwa 45.

Idan aka ce babu, ki gode wa Allah, ki rubuta ranar. Gwajin gaggawa yana iya kasa ganin cutar da ta shiga cikin wata ukun da suka wuce, shi ya sa za ki koma bayan wata uku. A wannan zuwan na farko ki tambayi abu biyu. Ɗaya allurar rigakafin ciwon hanta B, sau uku ake yi. Ɗayan kuma PrEP, ƙwaya ɗaya a rana da wanda ba shi da cutar ke sha don ta tsare shi. Idan ba a fashi, tana rage haɗarin kamuwa ta saduwa da kusan kashi 99 cikin ɗari, kuma mai shayarwa tana iya sha. Na san yadda yake da wuya matar aure ta ce wa mijinta ya sa kwaroron roba a gidan Bahaushe, shi ya sa nake son mata su san da wannan. Kada ki saye ta a kemis. Sai an gwada mutum kafin a ba shi.

Maganar da shi kuma ki bari sai kin riƙe sakamakonki. Ki zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ba lokacin da ya yi allurar ba, ba kuma lokacin da jikinsa ke nemanta ba. Kada ki fara da kalmar ƙanjamau. Ki ce, "Baban wane, na ga abin da ke aljihunka, ban faɗa wa kowa ba. Na je an duba ni saboda yaron nan. Ina so mu je tare a duba ka." Idan mai ɗaga hannu ne, kada ki yi wannan magana ku biyu a ɗaki, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko waliyyinki. Daina penta kuma aikin likita ne, ba na mari ba. A Kano akwai asibitin Dawanau, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

"Anti, saura wata huɗu bikina. Wanda zan aura yana shan kodin da tramol, ya rantse bai taɓa allura ba. Ya kawo mini takardar gwaji mai hatimi cewa ba shi da komai. Ta isa?" Wata ɗaliba, daga Kano.

'Yata, ba ta isa ba. Abin da aka haɗiya ba ya sa wa mutum HIV, wannan gaskiya ne, sai dai wanda ya bugu yakan aikata abin da bai shirya ba, da wanda bai sani ba. Takarda kuwa ana iya sayenta. Tun watan Mayun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin HIV da ciwon hanta B da C da rukunin jini na sikila kafin a ɗaura aure, to ba ma sai kin ji nauyin tambaya ba. Ku je tare yanzu, ku ji sakamako a gaban ma'aikaci ɗaya, ku sake komawa bayan wata uku. Wata huɗun nan daidai suke da hakan, ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ki sani, ko gwajin ya fito fes bai amsa tambayar kodin ba. Wannan ki kai ta gaban Babanki ko Kawunki tun kafin a kawo lefe.

"Hajiya, barka da aiki. Na yi shekara uku ina allura da abokai, na daina shekara biyu ke nan. Watan jiya aka gwada ni aka ce ina da shi. Matana biyu, amaryar tana da ciki wata biyar. Ban faɗa musu ba, ban fara maganin asibiti ba. Wani mai magani ya ce zai warkar da ni a kwana arba'in, kuɗin dai da yawa. Ina so in warke tukuna sannan in yi magana." Wani bawan Allah, daga Kaduna.

Malam, na yaba da ka daina, ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada ka ba mutumin nan ko sisi. Babu wani jiƙo ko garin magani da ke fitar da HIV daga jini, kuma kwana arba'in ɗin da za ka ba shi, daga hannun ɗanka da ke ciki za ka ɗauko su. Maganin da ke aiki ƙwaya ɗaya ce a rana, mai haɗe da sinadarai uku ciki har da dolutegravir, kyauta ake bayarwa a cibiyar da aka gwada ka. Mafi yawan masu shan ta ba fashi, cikin wata shida ƙwayar cutar takan yi ƙasa har awo ya daina ganinta, kuma wanda ya tsaya a wannan matsayi ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Ka koma gobe ka fara.

Faɗa musu ba zai jira wata shida ba. Dokar tarayya ta 2014 da ta hana tsangwamar masu HIV ta kare sirrinka daga mai gidan aikinka da sauran jama'a, amma ita ma ta amince cewa abokin zaman aure da ke cikin haɗari yana da haƙƙin sani. Ko babu doka, amana ce a wuyanka. Kuma yana yiwuwa ƙwarai a gwada su a ga ba su da shi, gidaje da yawa haka suke, ɗaya yana da shi ɗaya babu, shekara da shekaru. Kowace rana da ka yi shiru kana cin wannan damar ne.

Idan bakinka ya yi nauyi, ka gaya wa mai ba da shawara a asibitin. Aikinsu ne su zauna da kai da matarka a yi bayanin tare, suna ma iya kiran mace ta zo gwaji ba tare da sun ambaci sunanka ba. Ni dai na fi so su ji daga gare ka. Ka faɗa wa kowacce ita kaɗai, amma a rana ɗaya, kada uwargida ta ji a bakin amarya ko amarya ta tsinta a tsakar gida. Daga yau zuwa lokacin da likita zai ce awonka ya sauka, kwaroron roba ko haƙuri. Idan ka kusanci ɗayarsu cikin kwana ukun nan, ka faɗa wa likita a take, don akwai maganin gaggawa mai suna PEP da ake fara sha kafin awa 72 ta cika, a yi kwana 28 ana sha. Yaran uwargida ma a duba su idan an same ta da shi. Amarya kuma ta tafi asibiti gwaji da katin awon cikinta.